Kujerar da Ta Wuce Taya

Tartsatsin wuta ya yi tsalle daga bakin rodin walda, ya zube ƙasa shuɗi da ja, ya mutu kafin ya kai ga takalmanta. Yarinyar ta rufe fuska da tafin hannu kamar yadda aka ce ta yi, sai dai ta bar 'yar kafa tsakanin yatsu.

"Uwata, juya baya," in ji mahaifinta. "Wutar nan cin ido take yi."

"Baba, ina kallon yadda ake yi wa babur ɗinmu jela ne."

Mai walda ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka ji ko? Jela. Duk zangon karatu sai ka kawo min shi na ƙara masa tsawo. In aka ci gaba a haka, wata rana kai kana ƙofar makaranta, na ƙarshe bai bar gida ba."

Masu babura da ke zaune a rumfar suna jiran gyara suka taya shi dariya. Su ne dama suka raɗa wa mutumin suna Mai Jirgi, sunan kuma ya bi shi har iyayen yaran da yake kaiwa makaranta sun manta na yanka.

Mai walda ya ƙwanƙwasa sabon ƙarfen da guduma, ya daina dariya. "Amma fa ka ji. Nan ya wuce tayar baya. Wanda ke gaban taya, rami girgiza shi kawai yake yi. Wanda ke bayanta, cilla shi yake yi sama. Kar ka ɗora ƙarami a nan."

"Na ji."

"Kai ma dai, ka sayi keke mai ƙafa uku mana ka huta," wani ya ce daga kan benci.

"Zan saya," in ji Mai Jirgi.

 Kowa a rumfar nan zai saya. Wasunsu sun yi furfura suna shirin saya.

* * *

Ƙaramin babur ne, irin wanda ake kira na talaka. Ranar da ya shigo da shi gida, matarsa ta zagaya shi tana shafa tankin, ba ta ko kalli kusurwar ɗakin da keken ɗinkinta ya saba zama ba. Keken ne ya cika kuɗin babur ɗin. Mai Jirgi ya yi mata alkawarin kafin shekara ta zagayo zai dawo mata da wanda ya fi shi.

Ba wai bai san babba ya fi ba. Ya sha tsayawa gaban shagon masu sayar da kekuna masu ƙafa uku, ya leƙa ciki, ya ga kujeru da rufi da ƙarfen riƙewa. Amma babban abu kuɗinsa dunƙule ake nema, shi kuwa nasa kuɗin a tsinke suke zuwa, a tsinke suke tafiya. Abin da ya tara sai haya ta lashe, ko zazzaɓi. Rodi guda kuwa cinikin kwana ɗaya ya isa ya saye shi. Ga shi ya san babur ɗinsa kamar yadda ya san tarin matarsa: ya san kukan da yake yi in yana son mai, da wanda yake yi in sarƙa ta saki. Kayan gyaransa a kowane lungu akwai su, kowane bakanike ya san cikinsa.

Haka ya riƙa yi masa ƙari kaɗan-kaɗan. Ya sa masa shokozoba mai ƙarfi. Ya sa aka yi masa dogon matakin ƙafa hagu da dama, don yara su sami wurin ɗora takalma. Ya cire madubai biyun, saboda suna hana shi kutsawa tsakanin motoci da safe. Sannan kujera ta fara tsawo.

A farkon lamarin Uwata ce kaɗai yake ɗauka. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bakinsa ba ya iya kama sunan. A kan tanki take zama, tsakanin hannayensa, ƙeyarta na taɓa ƙirjinsa, ita ce mai danna oda in sun zo kwana. Da maƙwabciya ta roƙi ya riƙa haɗawa da ɗanta, ta ce ita dai a sa mata shi a gaba inda za a riƙa ganinsa, sai Uwata ta koma bayan mahaifinta, ta rungumi cikinsa. Da aka kawo wasu tagwaye, uwarsu ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu har sai da ta ga an sa su a tsakiya. Uwata ta matsa. Kowace uwa da irin maganarta, amma duk ƙarshenta ɗaya ne: "Nawa dai ba a ƙarshe ba, Mai Jirgi." Ba ya ganin laifinsu. Sun biya, kuma 'ya'yansu ne. A cikin yaran nan duka, guda ɗaya ce uwarta ba za ta janye ta ta ba wani mai babur ba.

Tun da ya daina jin ɗumin jikinta a bayansa, sai ya ƙirƙiro wata dabara. Duk kwanar da suka sha, duk ramin da suka tsallake, sai ya ɗaga murya.

"Uwata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

Sauran yaran suka ɗauki abin wasa. Da ya tambaya sai su haɗa baki da ita, har da jan murya, "Ina naaan, Baba," su fashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi. Yana jin daɗin a ce jirginsa mai waƙa ne.

Da yammacin ranar da aka yi sabuwar waldar, matarsa ta zauna a tsakar gida tana ɗinke leda a kan soson sabuwar kujerar. Da allura da zare take yi, da hannu, tana turawa da bayan cokali.

"Wa zai zauna a nan?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Ai kin sani."

"So nake na ji daga bakinka."

"Ta fi su wayo. Ta iya riƙewa."

"Ta fi su wayo, ko ta fi su arha?"

Ya yi kamar yana duba sarƙa. "Zangon nan ne kawai. Da wannan yaron da za a ƙaro, in Allah ya yarda kafin ƙarshen shekara mun kai ga keke mai ƙafa uku. Ki ga Uwata a kujerar gaba, iska ma sai ta nemi izini."

"Haka ka ce da aka kawo tagwaye." Ta ciji zaren ta tsinke. Sai ta ɗauko ragowar soson da ta yanke, ta cusa shi ta ƙasan ledar, daidai inda yarinyar za ta zauna, ta sake ɗinkewa.

* * *

An kwana ana ruwa. Da safe titi ya yi tabo-tabo, ramuka sun ɓuya a ƙarƙashin ruwa mai launin shayi.

Uwar sabon yaron ta ɓata musu lokaci. Sai da ta gyara masa safa, ta goge masa hanci, ta zaɓa masa wuri da kanta. Sannan ta miƙo kular abincinsa. "Kar ta kife fa, akwai miya. Shi ba ya iya riƙewa."

Mai Jirgi ya duba. Gaban tanki jakunkuna ne a rataye. Kowane yaro hannayensa biyu na riƙe da cikin wanda ke gabansa.

"Uwata, riƙe wa ƙaninki."

Ta karɓa ta rungume a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta kama ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ƙafafunta ba su kai ga matakin ba, don shi ba a ƙara masa tsawo ba tukuna.

Ya san maigadin makarantar. Da ya ja ƙofa, sai yara su tsaya a waje, iyaye kuma su kira Mai Jirgi su wanke shi tas. Don haka ya murɗa mai. Ya kutsa tsakanin wata babbar mota da mai tura kurar kaya, ya sha kwanar gidan burodi, ya miƙe gangaren da ke kaiwa kwalbati. Ruwa ya rufe bakin kwalbatin. Tayar gaba ta faɗa ta fita, ta baya ta daku da ƙarfi har haƙoransa suka haɗu. Babur ya yi tangal-tangal, ya dafe shi.

"Uwata, kina nan?"

"Ina naaan, Baba," yaran suka amsa, suna dariya.

Ya ƙara mai.

Sun iso maigadi na jan ƙofa. Ya kafa ƙafa, ya fara sauke su kamar kullum, daga gaba zuwa baya. Na tanki. Sabon yaro. Tagwaye. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, yadda ya saba, don ta kama ta diro. Hannunsa ya sauka a kan leda. Ledar da sanyinta, har ɗigon ruwa ya taru a kai.

"Ina abincina?" in ji sabon yaron.

Mai Jirgi bai san yadda ya juya babur ba. Ya bi hanyar a baibai, motoci na danna masa oda, wani direba ya leƙo ya zage shi. Yana tafe yana duba gefen titi, bakinsa na motsi, ba addu'a ce cikakkiya ba, guntayenta ne.

A bakin kwalbati mutane sun yi da'ira. Wata mai sayar da lemo ta zauna dirshan cikin taɓo, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta rufe mata ƙafar dama da mayafinta. Yadda mayafin ya karkace ya ishe shi bayani.

"Kai ne mai babur ɗin?" matar ta ce. "Mun yi ta ƙwala maka kira. Ko waiwaye. Wane irin mutum ne zai yar da 'yar mutane ya wuce? Ina uban yarinyar nan, a kira shi."

Ya durƙusa. 

Uwata ta buɗe ido. Goshinta ya goge, leɓenta ya fashe, ba ta kuka, sai rawar sanyi. Kular tana nan a ƙirjinta.

"Baba," ta ce a hankali, "ban zubar ba."

* * *

A asibiti aka ce ƙashin cinya ne, kuma ya karye a mugun wuri. Za ta taka, in ji likita, amma kar su yi mamaki in ƙafar ta ɗan gaza 'yar'uwarta. Abin da aka tara don keke mai ƙafa uku ya tafi a hoton ƙashi da allurai, bai ma isa ba.

Matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Takan ajiye masa abinci, ta koma bakin katifar yarinyar, ta tura tsinke a hankali ƙarƙashin farin simintin da aka ɗaure ƙafar da shi, ta sosa mata inda yake ƙaiƙayi.

Iyayen yara sun zo dubiya da lemo da biskit. Sun jajanta, sun yi addu'a. A bakin ƙofa kuma kowacce ta rage murya ta tambaya yaushe zai dawo aiki, don jarrabawa ta matso. Uwar tagwaye ta ce, "Allah ya taƙaita," sannan ta ƙara da cewa, "Ai shi ya sa nake cewa tsakiya."

Ya tura babur zuwa rumfar mai walda da niyyar a yanke jelar. Yana hanya wata mata ta tare shi. Wankau take yi a gidajen mutane, ya san ta, mijinta ya daɗe a kwance. Tana riƙe da hannun wata yarinya siririya mai manyan idanu.

"Mai Jirgi, ya mai jiki? Na ji an ce akwai wuri." Ta sunkuyar da kai. "Ba zan iya biyan abin da suke biya ba. Amma ita ko ina ka sa ta za ta zauna. Tafiyar ƙafa ta yi mata nisa, kullum a waje take tarar da ƙofa."

Ya kalli yarinyar. Ya tuna takardar magungunan da ke aljihunsa, wadda bai kai kanti ba tukuna.

A rumfa, mai walda ya ɗauko abin yanka ƙarfe ya tsaya yana jira. Babu wanda ya yi wasan jirgi ranar.

"Daga ina zan yanke?"

Mai Jirgi ya daɗe yana shafa ledar, daidai inda soson ya fi tudu.

"Bar shi," ya ce. "Yi masa majingina a baya. Mai tsawo. Ka ƙara matakin ƙafar ya kai ƙarshe." Ya dubi inda madubai suke a da. "Akwai madubi na hannu a wajenka?"

"Akwai guda, ya tsage kaɗan."

"Ɗaura min."

Ranar da ya koma aiki, Uwata ta ce a fito da ita ƙofar gida ta ga jirgi. Uwarta ta shimfiɗa mata tabarma, ta jingina ta da bango, farar ƙafar a miƙe. Yaran suka hau, kowa a wurinsa. 'Yar mai wankau ta hau ƙarshe, ta kama sabon ƙarfen da hannu biyu.

Ya tayar da babur. A kwanar farko yaran suka yi tsit, suna jiran tambayar. Bai yi ta ba. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ta cikin tsagar ya hango bakin ƙofarsa, da tabarma, da wani ɗan farin abu yana ƙanƙancewa. Uwata ta ɗaga hannu, bakinta na motsi, ƙarar inji ta hana shi ji. Sai kwanar ta shiga tsakaninsu.