Shayi Mai Ɗaci na Gwaggo Fengxian

Shekara da shekaru Gwaggo Fengxian tana roƙon ɗanta Apeng abu ɗaya: ya raba ta da gidan gado. Tsohon gida ne a lungun marina, cikin ganuwar birnin Dali, mai ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa, da rijiya a tsakar gida. Tsauni a bayansa, tafki a gabansa. Baƙo in ya leƙo sai ya riƙe baki. Ita kuwa abin da ta sani game da tsaunin nan shi ne iskarsa, wadda ke bin tsagar katako ta sauka a gwiwoyinta. Ga makewayi can ƙarshen tsakar gida.

Ɗaki take so a sabon gari, a dogon benen da ƙawarta Suzhen ta koma. Akwai lif mai hawa da mutum sama. Akwai famfon da in ka murɗa sai ruwan zafi. Suzhen ta ce har ta manta yadda ake jan guga.

Da ƙyar Apeng ya yarda. Ɗakuna biyun da suka ware wa baƙi sun daɗe ba kowa, don ba mai son wanka da ruwan rijiya.

"Shi ke nan, Inna," in ji shi. "Sanyin nan na wucewa mu rufe gidan, ki koma wajen lif ɗinki."

Har ta fara ɗaure kaya sai ga wani mutum a bakin ƙofa, da jaka a baya wadda ta fi shi tsawo. Ya ce sunansa Lu Wenbo, daga Shanghai. Ya ajiye aikin ofis, ya fito neman rayuwa ta gaskiya.

"Babu ruwan zafi," in ji Gwaggo.

"Madalla!"

"Makewayin na tsuguno ne."

"Gwaggo, irinsa nake nema tun da na baro gida."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta ga alamar taɓin hankali ba, ban da jakar.

Kwana biyu ya ce zai yi, ya share mako. Duk inda ta juya wayarsa na binta. Ya ɗauke ta tana ɗinke farin yadi ƙulli-ƙulli kafin a tsoma shi a baba. Ya ɗauki hannuwanta da rini ya mayar shuɗaye. Ya ɗauke ta tana jan ruwa tana nishi, ya ce nishin waƙar aiki ce ta mutanen da. Ya watsa wa duniya ta intanet. Nan da nan wayar Apeng ta hana shi sakat, kowa na neman ɗaki a gidan tsohuwa mai shuɗin hannu.

Apeng ya zo yana sosa ƙeya.

"Inna, maganar tashin nan fa, a ɗan dakata."

"A dakata wa?"

"Ke suke zuwa gani. In babu ke, me za su kalla? Rijiya?"

"Su kalli uwarsu. Ni biri ce?"

"Haba Inna, ɗaukaka ce ta zo miki."

"Kai wa gwiwata ɗaukakar, ka ji amsar da za ta ba ka."

Ta kira Suzhen a waya ta zayyana mata komai. Suzhen ta yi dariya har da tari.

"Ke ma da sanyin jiki kike, Fengxian. Korar baƙo har wani aiki ne? Ba shi na farko, ki riƙe sauran."

A gidajensu shayi uku ake ba baƙon da ake girmamawa. Na farko ganye ne da aka gasa a ƙaramar tukunya, ɗaci kamar maɗaci. Na biyu da mazarƙwaila da cuku. Na uku da zuma da citta, wanda ɗanɗanonsa ke raka mutum gida. Wanda aka ba na farko aka kwashe kofuna, in yana da kunya, ba sai an nuna masa ƙofa ba.

Gwaggo ta gasa ganyen har ya kusa ƙonewa. Wenbo ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa. Ta kwashe kofuna ta zauna tana jira.

"Gwaggo," ya ce, "tunda nake ban taɓa shan abin da ya gaya mini gaskiya kamar wannan ba. A ƙara mini."

Ta ƙara masa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Har ya gaya wa masu kallonsa cewa mai zaƙin na 'yan yawon buɗe ido ne, 'yan gida mai ɗacin kaɗai suke sha.

Da shayi ya ƙi aiki sai ta koma ga wahala. Ta tashe shi da sanyin safiya ya cika randuna. Ta sa shi juya tukunyar baba, wadda warinta ke korar kare. Ta ba shi allura da zare ya yi ta ƙulla yadi har yatsunsa suka yi kanta, in ya karkace ta warware ta ce ya sake.

"Kai, hannu ne wannan ko ƙafar agwagwa?"

"Na gode, Gwaggo."

"Zaginka fa na yi."

"Shi ya sa. A ofis murmushi kawai ake yi mini."

Ya daina aske gemu. Ya roƙi tsohuwar falmaran ɗin marigayi mijinta, ta ba shi don ta tabbata akwai ƙuma a ciki. Rana ta dafa masa fuska, baba ya hau shi har gwiwar hannu. Abin da ya fi ba ta haushi, ƙullinsa ya fara kyau.

Ran da baƙin farko suka iso, Gwaggo ta yi rantsuwa ba za ta zama abin kallo ba. Ta ajiye ɗankwalin gargajiya, ta sa jibgegiyar rigar sanyi ja ta kanti da silifas na roba, ta ɓoye hannuwa a safar hannu, ta zauna kan kujerar roba tana cin biskit. Apeng ya gan ta ya dafe kai.

Mata huɗu ne da namiji ɗaya, kowa da waya a sama. Suka wuce ta kamar turmi. Ɗaya ma ta miƙa mata jaka ta riƙe. Kai tsaye suka nufi tukunyar baba, inda Wenbo ke tsugune cikin falmaran, gemu buzu-buzu, yana matse yadi.

"Wayyo, ku dubi hannunsa!" in ji wadda ta ba da ajiyar jaka. "Kawu, a gidan nan aka haife ka?"

Wenbo ya buɗe baki, kunnuwansa suka yi ja. Bai ce e ba, bai kuma yi saurin cewa a'a ba. Gwaggo ta lura da wannan jinkirin. Ta haɗiye biskit ɗinta.

"Ku bar shi, ba ya son surutu," ta ce daga kujerarta. "Rinin baba ya san hannunsa. Ku roƙe shi ya dafa muku shayin 'yan gida."

Ya dafa musu mai ɗacin. Suka sha suna yamutsa fuska suna yabo. Ba wanda ya tambayi tsohuwa mai shuɗin hannu. Gwaggo ta juya ta kalli ɗanta, ta ɗaga gira.

"To, Apeng. Ni suke zuwa gani?"

Apeng ya dubi Wenbo, ya dubi uwarsa, ya sake sosa ƙeya. Da yamma ya tambayi Wenbo ko zai so ya zauna ya riƙe gidan. Wenbo ya amince nan take yana ta godiya.

Ranar da za ta tashi, Gwaggo ta zaunar da shi ta yi masa shayi uku cif, yadda ake yi wa babban baƙo. Ta zuba mazarƙwaila ba ƙyashi. Ya kurɓi na biyu ya ajiye kofin a hankali.

"Kada ki ji haushi, Gwaggo, amma wannan ba irin namu ba ne."

"Gaskiyarka, ɗan gida," ta ce. Ta miƙa masa guga.

Tagar sabon ɗakinta ba ta kallon tsauni, ba ta kallon tafki. Bangon wani bene take kallo, da bututun ruwa a jikinsa. Suzhen ta zo taya ta jera kaya, ta tsaya a tagar ta taɓe baki.

"Ash, an cuce ki. Ba abin gani ta nan."

"Iska ma ba ta ga hanya ba," in ji Gwaggo Fengxian.

Ta murɗa famfo, ta tara shuɗayen hannuwanta, ta bar ruwan zafi yana ta zuba a kansu.