Farin da Ya Rufe Idon Guguwa

Ranar da Guguwa ya yi karo da ƙafar tebur har sau biyu, kafinta ya ajiye zarto, ya kama haɓar karen nasa ya leƙa idanunsa. Wani fari-fari ne ya lulluɓe ƙwayar, kamar an ɗiga madara a ruwa.

Nan take zuciyarsa ta tafi kan mai gyaran batir da ke jikin shagonsa. Mutumin ya sha ƙorafin cewa karen na kora masa masu kawo aiki, ga shi da jarkokin ruwan batir jere a bakin ƙofa.

"Wallahi watsa masa ya yi," ya ce wa matarsa.

"Ka gani da idonka?"

"Sai na gani? Ɗazu har da tambayata wai ya jikin karen. Wa ya gaya masa?"

"Haba maigida, kowa a layin nan ya ga yana tuntuɓe. Zato zunubi ne fa."

Bai saurare ta ba. Kwana uku yana aiki ido ɗaya na kan maƙwabcin, gaisuwa ma ciki-ciki yake amsawa. Da mutumin ya jefo wa karen ƙashi, sai ya shure shi cikin kwata.

A rana ta huɗu ya kai Guguwa wurin likitar dabbobi. Ta haska tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Yanar ido ce, tsufa ya kawo ta. Ya fi wata shida ba ya gani sosai."

"Wata shida? Ai satin nan ya fara karo da kaya!"

"Ka sauya wa wani abu wuri a shagon?"

Sai ya tuna. Ranar Asabar ya ja babban teburin zuwa tsakiya don sabbin katakai su samu wuri.

"Haddace shagon ya yi da hanci da ƙafa," in ji ta. "Ka rikita masa hanya."

"To ruwan batir fa, likita?"

"Da ya taɓa shi, da fatar ta ƙone."

Da ya dawo, ya tashi mayar da teburin wurinsa, sai ya ga ɗaga shi ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mai batir ya leƙo, ya kama ɗaya gefen ba tare da an roƙe shi ba.

"Me likita ta ce?"

"Tsufa ne."

"Allah sarki. Duk muna hanya."

Kafinta ya ƙura wa fuskarsa ido yana neman wani abu, amma gumi kawai ya gani.