Azumin Auduga

Bas ɗin ta faɗa rami a daidai Kwangila, Bibiana ta ƙanƙame kwandon da ke cinyarta kamar za a fizge mata shi. Ta ɗaga gefen zanen da ta lulluɓe shi, ta leƙa. Auduga na nan a dunƙule a kusurwa, idanu rabi a rufe, ko gashin bakinta ba ya rawa irin yadda ya saba.

"Mama, kaza ce?" in ji matar da ke kusa da ita.

"Ɓera ne. Asibiti zan kai ta."

Matar ta ja da baya har ta kusa hawa kan maƙwabcinta. Kwandasta ya juyo yana washe baki. "Ikon Allah! Mu muna sayen magani mu kashe, ke kina neman magani ki raya." Bas ta kwashe da dariya. Da a wata rana ce da Bibiana ta wanke shi tas, don bakinta ba ya kwana da magana. Yau sai kawai ta gyara zanen da ke kan kwandon.

Auduga farar ɓera ce, irin waɗanda ake kiwo a jami'a domin bincike. Mijin Bibiana, Elias, ya yi shekaru yana kula da su a Samaru. Wata rana ya dawo gida Dogarawa da wata 'yar mitsitsiya a aljihun riga, wai uwar ta ƙi ta. Da sirinji ya raine ta. Bayan wata huɗu aka shiga da shi tiyata a wani asibiti a Kaduna, bai farka ba. 'Ya'ya suna Jos da Legas. Abin da ya rage mai numfashi a gidan, wanda hannun Elias ya taɓa ciyarwa, sai wannan halitta mai son guntun ƙosai.

Wani ƙari ne ya fito wa Auduga a ƙarƙashin hammata. Da farko bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, yanzu ya kai lemun tsami, tana jan sa a ƙasa in za ta yi tafiya. Makon jiya likitan dabbobi, wani matashi haifaffen Sabon Gari mai suna Abiodun, ya latsa shi ya faɗi gaskiya ba ɓoye-ɓoye.

"Zan iya cirewa, Mama, amma ɓera ba akuya ba ce. Maganin barci in ya zarce da ɗigo ɗaya, shi ke nan. Jinin jikinta kaf bai wuce babban cokali ba. Wasu sanyi ke kashe su a kan tebur. In kuma muka bar shi, zai fashe ya ruɓe. Ki kawo ta ran Talata da safe. Batun abinci kuwa..."

"Likita, shekara talatin na yi nas a ɗakin tiyata. Sai da aka mayar da asibitin koyarwa Shika na ajiye aiki. Ba sai ka koya mini ba."

Ya yi murmushi, ya bar ta. Wa zai koya wa ɗan kada iyo?

Ta kuwa yi abin da ta sani. Jiya tun azahar ta kwashe masara da ruwa daga kejin, ta ƙara awoyi a kan ƙa'ida don a tabbata. Auduga ta yi ta kartar wayar kejin tana kallonta, Bibiana ta toshe kunne. Marasa lafiya nawa ta ƙwace wa kofin kunu suna roƙonta?

Ta sauka a Samaru ana yayyafi. A ƙofar asibitin dabbobin, warin maganin wanke ƙasa ya dake ta, sai ga barandar asibitin Kaduna ta dawo mata sabuwa. Ta tsaya ta ce, "Yesu, ka taimake ni," sannan ta shiga.

Abiodun ya sa hannu a kwando ya ɗago Auduga. Murmushinsa ya ɓace. Ya ɗora ta a tafin hannu, kanta ya langaɓe. Ya ja fatar wuyanta, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba.

"Jikinta ya yi sanyi. Mama, yaushe rabonta da abinci?"

"Tun jiya da azahar. Ko ruwa ban ba ta ba." Da alfahari ma ta faɗa.

"Wayyo, Mama!"

"Me na yi?"

"Mutum ake hana wa abinci, don kada ya yi amai ya shaƙe. Ɓera ba ya amai, haka Allah ya yi shi. Kuma jikinsa ba ya ajiye komai. Yunwar awa ashirin a gare ta, ga ciwo, kamar ke ki yi kwana uku. Da na soka mata allura yanzu, gawarta zan miƙo miki."

Bibiana ta lalubi kujera ta zauna. Tun makon jiya wuƙar yaron nan take tsoro, ashe ita ce da hannunta ta kusa gamawa da dabbar. 

"Laifina ne ni ma," ya ce, yana cika kwalba da ruwan ɗumi. "Da na ƙarasa maganata."

Ya naɗe kwalbar a tawul, ya kwantar da Auduga a jikinta. Ya dama sukari a ruwa, ya riƙa ɗiga mata a gefen baki. Ɗigo na farko ya gangare. Na biyu ma haka. A na uku ɗan harshen ya fito ya lasa.

Ya buɗe durowa ya ciro burodin da zai karya kumallo da shi, ya gutsuro ya miƙa wa Bibiana. "Ke ta sani, ki ba ta. In ta ci ta warware, ƙarfe ɗaya mu shiga. In ta ƙi, ki koma da ita gida, ba zan taɓa ta ba."

Ta riƙe guntun burodin. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, ta rasa wacce za ta roƙa. In ta ci, tebur ne da allura. In ta ƙi, gida ne, da ƙari mai girma kullum.

Hancin Auduga ya motsa. Ta miƙo hannuwanta biyu ta karɓe burodin, ta hau ci da sauri, ko kallon mai ba ta ba ta yi ba.

Ƙarfe ɗaya saura kwata tana ta hawan tawul tana shinshinar kwalba. Abiodun ya ɗora ta a sikeli, ya rubuta, ya tura wa Bibiana takarda. Ta karanta kowane layi, ko da yake ta san abin da ke ciki, ta sa hannu. Ita da kanta ta ɗauki Auduga ta sa masa a hannu, ta ji bugun ƙaramar zuciyar a yatsunta har bayan ta sake ta.

Da ta miƙe, ɗakin ya juya mata, ta dafa bango. Abiodun ya tsaya a bakin ƙofar ciki yana dubanta.

"Mama, ke fa? Yaushe rabonki da abinci?"

"Tare muka fara," ta ce.

Ya nuna ragowar burodin a kan tebur. "Don Allah ki ci."

Ta zauna a benci, ta ɗora kwandon a cinya, ba komai a ciki sai zane.

"Sai ta fito," ta ce.