Muryar Baba Kolo

Ƙanwata Zulfa ko shinkafa ba ta iya tsincewa ba ta bar tsakuwa ba, amma wai ita mutanen ƙasashen duniya suka amince wa da naɗe manhaja, wato shirya ta yadda kowa zai iya sa ta a kwamfutarsa. Ikon Allah! Akwai wata babbar manhaja ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta, 'yan sa-kai ke haɗa ta, kowa da ɓangarensa. Na Zulfa shi ne manhajar da ke karanta rubutu da murya. Daga ɗakinta a Gaya take shirya ta, ta naɗe, ta tura, kowa ya ɗauka.

Muryar Hausa da ke ciki ta kakanmu ce, Baba Kolo. Tun Zulfa tana makaranta ta zaunar da shi a zaure a Gafasa, ta yi ta sa shi maimaita kalmomi, yana yi yana mita. Bara waccan ya rasu. Matarsa Kaka Yagana idonta ya tafi, shi ya sa kullum bayan la'asar nake kunna mata kwamfutar, Baba Kolo ya karanta mata saƙonnin 'ya'yanta na Maiduguri, su Hindatu. Tana amsa masa, wallahi. In ya yi sauri har faɗa take masa.

Ranar kasuwar Ajingi sai ga Zulfa ta shigo fuska a murtuke, ko gaisuwar kirki babu. Ta ja ni bayan rumbu.

"Yaya Safara'u, sabuwar manhajar ta fito. Ta fi kyau, makarantun makafi ma ita suke jira. Amma ba ta san muryar Baba ba."

"To a bar mana tsohuwar mana."

"Sunansu ɗaya, mazauninsu ɗaya a cikin kwamfuta. In sabuwa ta shiga, tsohuwa ta fita. Shugabannin aikin sun ce a cire ta kawai."

Raina ya ɓaci. Na ce ita ta kai tsohon nan cikin na'ura, yanzu kuma ita za ta fito da shi? Mun manta kunnen Kaka ya fi na kowa.

"Wa za a kora?" ta ce daga kan tabarmarta.

Zulfa ta durƙusa ta yi mata bayani. Kaka ta ja tsaki.

"Duk bokon naki iyakarsa ke nan? Da Kolo da ƙanensa Salahuddeen suka kasa jituwa a gandu, wa aka kora? Tukunya aka raba. Aka ja danga, kowa da murhunsa da rumbunsa, zaure ɗaya suke shiga. Har suka tsufa ba wanda ya taɓa ludayin wani."

Zulfa ta zabura ta ɗauki jakarta, ko ruwa ba ta sha ba. Da ta koma Gaya, ta maƙala wa tsohuwar manhajar lamba a jikin sunanta, ta ware mata wurinta daban, ta haɗa ta da tsofaffin kayan aikinta don kada ta taɓa na sabuwar. Aka yi ta ja-in-ja da shugabannin. Suka ce mutum nawa ke amfani da ita? Ta ce tsohuwa ɗaya. Daga ƙarshe suka yarda, da sharaɗin duk gyara da facin da za ta buƙata nan gaba a wuyan Zulfa yake, ba mai taya ta.

Da ta dawo Gafasa ta sabunta kwamfutar a gabanmu. Ta danna. Wata murya sumul ta yi sallama, Kaka ta kau da kai. Ta sake dannawa, sai ga Baba Kolo da 'yar shaƙewar nan tasa: "Hindatu tana gaishe ki, ta ce yaya ƙafa."

"Da sauƙi," in ji Kaka. Ta lalubo hannun Zulfa ta riƙe. "Safara'u ta ce ke kaɗai za ki yi ta ɗawainiya da shi. Kada ki damu, 'yar nan, ba zai daɗe yana wahalar da ke ba. Ranar da na bi shi, ki sallame shi."

Zulfa ta goge ido da bakin mayafi.

"Haba Kaka," ta ce, "wa ya gaya miki don ke kaɗai nake yi?"