Zabiya Ta Sauka a Ɗan Isa

Tun da hantsi ran Mudathir a ɓace yake, kuma littafin nan ne ya ɓata shi. Wani jibgegen littafi ne mai suna Mai Gadin Madatsa, an aiko masa daga Kano a motar haya, naɗe cikin takardar siminti. Aikinsa ke nan: a aiko masa littafi, ya karanta, ya rubuta sharhi a shafin ƙarshen mako na wata jarida. Ba ma'aikacinsu ba ne, ba shi da ofis ba shi da kujera. Amma in ana neman wanda za a tasa a gaba da kiran waya, to shi ne na farko.

Shi kuwa littafin, wayyo Allah! Babi bayan babi, wani tsoho mai gadi na zaune bakin ruwa yana tunani. Ya tuna uwarsa, ya tuna maƙeran unguwarsu, ya tuna wata bishiyar tsamiya, har jakin maƙwabcinsu sai da ya samu babi guda.

“Shi wannan Dalhatun da ya rubuta shi,” in ji Mudathir, yana buga littafin a kan tabarma, “ba shi da mai ƙaunarsa a gidansu da zai ce masa ya isa haka?”

Ya riga ya rubuta sharhin a wayarsa, mai zafi, wanda bai bar wa Dalhatu ko wurin tsayawa ba. 'Yan babukan ƙarshe kawai suka rage masa bai karanta ba. Ana cikin haka sai ga kiran Hajiya Mu'minat, editar shafin.

“Malam Mudathir, yau fa muke rufewa. In rana ta faɗi ban ga sharhinka ba, zan cika wurin da abin da na samu, kuma ba na jin za mu sake damunka da littafi.”

“Hajiya, ai ya kusa.”

“Haka ka ce wancan karon.”

Ta kashe. Ya bi wayar da harara. Abin haushin ma shi ne gaskiya ta faɗa. Wancan karon ya ce mata wuta aka ɗauke, kafin nan ya ce sabis ne babu, alhali kuwa tattabarunsa ne suka cinye masa ranakun.

Duk unguwarsu a Jibiya an san Mudathir da tattabaru. Katangar bayan gidan cike take da tsofaffin tukwane da ya rataya musu. A cikinsu duka babu kamar Zabiya, fara ƙal mai jan ido. Tana 'yar shila shirwa ta ɗauke uwarta, shi ya riƙa tauna gero yana ɗura mata da bakinsa har ta yi fiffike. Yanzu ita ma tana da 'yan shila biyu, tsirara, ko gashi bai gama fito musu ba, ga shi makon jiya muzurun maƙwabta ya kashe namijinta. Ita kaɗai ke ciyar da su. Ranar nan da safe ta tashi shawagi tare da sauran, sauran suka dawo, ita shiru.

Bayan azahar saƙon murya ya shigo wayarsa. Baba Arzika ne, dattijon masu tattabaru na Ɗan Isa, can tsallaken iyaka.

“Mudathir, farar nan taka ta biyo wani namiji nawa, ta sauka gidana. Na shaida maka. Ka san ƙa'ida.”

Ya sani kuwa. Masu tattabarun nan da na can tun iyaye da kakanni abu ɗaya suke bi. In ta wani ta sauka a gidanka, dole ka sanar da shi. Shi kuma dole ya zo da ƙafarsa, ba aike, kafin ladan ya kira magariba. In aka kira salla bai zo ba, sai a sa almakashi a datse mata gashin fiffike, ta zama taka, ko sarki bai isa ya karɓe ta ba. Mudathir da kansa ya taɓa datse wa ta wani mutumin Daddara, ya kuma yi sati yana ba da labari a majalisa yana dariya.

Ya zura riga, ya cusa littafin a aljihu, har ɗinkin aljihun ya yi ƙara. Matarsa Amatullahi tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai.

“Baban Nana, ba ka ce ka gama rubutawa ba? Ka tura musu mana, ka kama hanya.”

“Ban kai ƙarshen littafin ba.”

“To wa zai sani?”

“Ni zan sani!” Ya faɗa da ƙarfi har tattabarun kan katanga suka watse. “Ke kin ɗauka irin waɗancan ne ni, masu shinshina bango su ce sun karanta? Tun da na fara aikin nan ban taɓa yanke wa littafi hukunci ban ga ƙarshensa ba.”

“Allah ya ba ka haƙuri,” ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta. “Ni dai 'yan shilan can nake ji, tun ɗazu suke kuka.”

Lissafinsa mai sauƙi ne. Da zarar ya wuce Magama, bakin iyaka, layin wayarsa zai mutu, ba damar tura komai daga can, kuma kafin ya je ya dawo Hajiya ta rufe shafi. Saboda haka zai tsaya a Magama ya sa wayar caji, don tun jiya ba wuta, ya hanzarta karanta ɗan abin da ya rage, ya tura, ya haye. Rana ma ai tana sama.

Magama tana nan yadda take kullum. Manyan motoci jere suna huci, warin albasa da na man fetur ya cika iska, 'yan kabu-kabu a kan baburansu na rige-rigen fasinja. Ya miƙa wayar a rumfar mai caji, ya samu gefen benci a inuwar dalbejiya, ya buɗe littafin yana tsaki. Wani direba ya zauna kusa da shi yana ɓare gyaɗa yana watsa masa ɓawo a ƙafa. Mudathir ya dube shi, ya dubi ɓawon, ya janye ƙafarsa.

“Bari mu ga ko jakin zai sake fitowa,” ya ce a ransa.

Jakin bai fito ba. Abin da ya faru shi ne an yi fari a cikin labarin, ruwan madatsar ya ja baya, ya ja baya, sai ga kan katangu na fitowa daga laka. Ashe garinsu tsohon ne a ƙarƙashin ruwan. Ashe duk mutanen nan da yake ta tunawa, da maƙeran da tsamiyar, nan suke kwance inda yake gadi, kuma ba don albashi ya karɓi gadin ba. Tsohon ya naɗe wando ya shiga laka yana neman inda aka binne uwarsa.

Mudathir ya gyara zama. Bai ji tashin direban ba, bai ji kiran la'asar ba sai da mai caji ya taɓa shi, ya je ya yi sallar a gaggauce ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ya kai shafin ƙarshe sai ya koma baya yana neman babin jakin, don yanzu ya gane abin da jakin yake yi a wurin. Idonsa ya yi ja. Ya rufe littafin, ya ji wani sabon haushi ya taso masa tun daga ciki.

“Kai Dalhatu, Allah ya shirye ka! Kana da wannan a hannu shi ne ka wahalar da ni haka?”

Ya karɓi wayarsa ya buɗe sharhin da ya rubuta. Kowane layi ƙarya ne yanzu. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ta karkata sosai, inuwar motocin ta miƙe har tsallaken titi. Yatsansa na kan wurin turawa. Dannawa ɗaya, ya hau babur, ya ɗauko Zabiya da sauran lokaci. Dalhatun nan ko saninsa bai yi ba, ba ɗan'uwansa ba ne, ba abokinsa ba.

Ya goge sharhin gaba ɗaya.

Ya rubuta sabo a tsaye, yana zagin wayar, yana zagin yatsunsa da suke danna harafin da ba shi ba. Ya faɗi inda littafin ya ja jiki, bai ɓoye ba, amma ya ce wanda ya ajiye shi a tsakiya ya cuci kansa. Ya tura. Wayar ta tsaya tana juya ɗan da'irar nan tata, tana juyawa, tana juyawa. Ya ɗaga ta sama, ya matsa bakin titi, ya hau kan wani dutse kamar mai leƙen katanga. Sai da ya kusa jefa ta cikin kwata sannan saƙon ya tafi.

“Ɗan Isa!” ya daka wa wani mai kabu-kabu tsawa. “Don girman Allah ka ba ta wuta!”

Mutumin ya ba ta wuta iya ƙarfinsa, amma hanya ba tasu ba ce su kaɗai. A shingen bincike na farko suka tarar da layi, a na gaba sai da aka sauke wata mata da buhunanta aka duba ɗaya bayan ɗaya. Mudathir na bayan babur yana cizon leɓe, yana kallon rana ta koma ja tana nutsewa bayan gonaki. Suna shiga garin ya ji an yi gyaran murya a lasifika. Kafin su sha kwanar gidan, ladan ya ɗaga murya.

Ya diro kafin babur ya tsaya, ya faɗa zauren ko sallama bai ƙarasa ba. Baba Arzika na zaune a kan buzu, Zabiya a hannunsa na hagu, almakashi a ajiye kusa da gwiwarsa. Fararen gasu na warwatse a ƙasa.

“Baba!” in ji Mudathir. “Ina bakin ƙofa fa! Ko ladan bai kai rabi ba!”

“Wa'alaikumus salam,” in ji dattijon. “Tun la'asar nike zaune nan ina kallon ƙofa. Har na hana a ɗauko almakashin sai da anka fara kira. Mi ya tsai da kai?”

“Tana da 'yan shila, Baba. Ba su da uba.”

“Na gani a ƙirjinta tana ciyarwa. Shi ya sa na aika maka da wuri, ban jira ba. Na ce mi ya tsai da kai? Shinge ne?”

Mudathir ya buɗe baki. Ya so ya ce shinge ne, ya so ya ce Hajiya ce, ya so ya ce sabis ne, ko mai babur, ko matar nan mai buhuna. Zuciyarsa na tafasa, yana neman wanda zai juye wa ita, ga shi dattijo ne a gabansa, sa'an ubansa, kuma bai karya ƙa'ida ko da tsinke ba.

“Karatu nake yi,” ya ce.

Baba Arzika ya dube shi, ya dubi littafin da ya leƙo daga aljihunsa. Zabiya ta ji muryar mai ita, ta fizge daga hannun tsohon, ta buɗe fukafukai za ta tashi zuwa kafaɗarsa yadda ta saba. Sai ta faɗo ƙasa tim, ta miƙe, ta sake gwadawa, ta sake faɗowa. Mudathir ya kau da kai.

“Ka sayar mini ita,” ya ce a hankali.

“Ka san ba a sai da wadda anka datse. In na yi maka, gobe mutumin Daddara ya zo ya tambaye ka tattabararshi, mi za ka ce mishi?” Dattijon ya ɗauke ta ya sa a akurki ya rufe. “Taho mu yi salla.”

Suka yi salla sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Mudathir bai san surar da liman ya karanta ba.

Washegari da sassafe Amatullahi ta fito ta same shi tsugune a gindin katanga, ya sauko da tukunyar Zabiya. Kumatunsa cike da gero yana taunawa. Ya ɗauki ɗan shila ɗaya ya sa bakinsa cikin nasa, ɗan ya kama yana karkarwa. Ɗayan kuwa yana kwance a gefen tukunyar, ya taɓa shi da yatsa, ya ɗaga masa kai, kan ya koma ya kwanta. Wayarsa na kan turmi tana ta haske, saƙon Hajiya Mu'minat ne na yabo, har da cewa akwai wani littafin a hanya. Ko kallonta bai yi ba.

Amatullahi ta ce, “To littafin fa, Baban Nana?”

Ya tofar da dusar geron gefe, ya goge baki da bayan hannu.

“Yana da kyau,” ya ce. “Wallahi yana da kyau, shegen littafi.”

Ya sake ɗiban gero ya watsa a baki, ya ɗauki wanda ya rage da rai.