Yadda Saniyarmu Ta Zama Gunkin Girkawa

A bazarar 1911 ƙanin mijina, Florimond, ya zo gonarmu daga Ghent da kayan zanensa. Wai zai zana tatsuniyar nan ta Girkawa, wadda babban gunkinsu ya rikiɗa ya zama farin bijimi ya sace 'yar sarki. Sau ɗaya ya shiga wurin bijiminmu. Da ya sha da ƙyar da rabin wando, sai ya koma kan Blanche, farar saniyarmu ta tatsa. Ni ce 'yar sarkin. Ina da shekara arba'in da ɗaya aka naɗe ni da zanen gado, na yi kwana tara ina hawa bayan saniya.

Da aka rataye zanen a ɗakin nuni, ni da maigidana Kamiel muka sa kayan zuwa coci muka tafi birni. Muka tarar da wani Farfesa Verbruggen yana bayani, mata masu manyan huluna sun kewaye shi.

"Ku dubi hannun 'yar sarkin a sama," in ji shi. "Ban kwana take yi da ƙasar ubanta, da kuma ƙuruciyarta."

Alhali ni ƙuda nake kora sa'ad da Florimond ya zana hannun nan.

"Shi kuwa wannan bijimi..."

"Ranka ya daɗe," Kamiel ya katse shi, "wane bijimi? Ga hantsa nan fa ƙuru-ƙuru!"

Na mintsine shi, amma ina. Farfesa ya gyara tabarau, ya sunkuya ya daɗe yana leƙe, kunnuwansa sun yi jawur. Can ya miƙe.

"Madalla! Bawan Allahn nan ya hango abin da ya kuɓuce wa masana. Mai zanen ya haɗa namiji da mace a jiki guda. Mai sacewa shi ne kuma mai shayarwa!"

Wuri ya kaure da tafi.

"Kumburin ciki ma ke damunta," Kamiel ya ƙara, "jiƙaƙƙiyar ciyawa ta ci."

"Cikin sabon ƙarni take ɗauke da shi!" in ji Farfesa.

Wata jarida ta kira mijina manomi mai idon basira, daga nan fa muka shiga uku. Duk Lahadi sai matan birni sun zo ganin Blanche, shi kuma ya jingina da shinge, lofe a baki, yana gaya musu kaɗa wutsiyarta alama ce ta wucewar zamani. Ni ga tatsa, ga dafa musu kofi.

Florimond kuwa ya cika ya batse, don ko sunansa jaridar ba ta rubuta daidai ba. Ya rantse shi da dabba har abada, ya koma Ostend yana zana teku tsurarsa, ko kwalekwale babu. Da hunturu ya rubuto mana cewa Farfesa ya zo ya duba, ya ƙirga gumaka uku a cikin ruwan.