Dutsen Iyakar Ulsby

Tun da gari ya waye Hester ta kasa zama. Ta ɗora shayi ta manta da shi, ta sa takalmin ruwa ta cire, ta leƙa taga ya fi sau goma, sai ka ce teku zai ji tsoron idonta ya ja da baya.

Teku kuwa ba ya tsoron kowa. Shi ya cinye Ulsby gida-gida, har coci da maƙabarta, tun kakanta na raye. Abin da ya rage na ƙauyen dutsen iyaka ne guda, da sunan sassaƙe a jikinsa, taku huɗu daga bakin gaɓa. Tsofaffi sun ce sunan na nufin gonar Ulf, wani manomi da ba wanda ya san kabarinsa. Duk shekara idan sanyi ya wuce, mutane kan taka zuwa wurin da tsumagiya a hannu, mai sarauta ya fara dukan dutsen sau uku yana kiran sunan, saura su bi. Muddin dutsen na inda aka kafa shi, Ulsby na nan a doron ƙasa. Yau ce ranar.

Shekara goma sha ɗaya Hester ke yin dukan a madadin mahaifinta, mai sarautar garin, Lord Ulsby, da ciwo ya kwantar. Da ya rasu doka ta tsallake ta, wai mace ba ta gadon wannan sarauta, ta je har Ostareliya ta zaƙulo jikan ƙanen kakanta, Lionel, mai gyaran injin ban ruwa. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. A al'ada da sunan garin zalla ake kiran mai sarauta, da shi kuma yake sa hannu a takarda. Kowa ya koma ce masa Ulsby ban da ita.

Jiya da ya ga dutsen ya ce, "Yaya Hester, wannan fa ba zai kai baɗi ba."

"Ba duba aka kira ka yi ba, Lionel. Tsumagiya kawai za ka riƙe."

"Ni dai ban iya kallon abu yana lalacewa ba."

Wannan maganar ce ta hana ta sakat.

Ƙarfe goma suka kama hanya, tsofaffi tara, Enoch mai kaɗa ƙararrawar sabon coci a gabansu. Tun daga nesa Hester ta ga sawun tarakta a cikin ciyawa. Ta wuce su da sauri. Babu dutse, sai rami. Lionel na tsaye, laka har gwiwa, bakinsa har kunne.

"Na kai shi bayan gidan gona, Yaya. Na zuba masa siminti. Ko jikokinmu za su tarar da shi."

Enoch ya leƙa ramin, ya sosa haɓa. "Ranka ya daɗe, ka kyauta wa dutse. To iyakar fa, aljihu ka sa ta? Garin neman gira ke nan."

Murmushin Lionel ya gushe. "To a mayar da shi mana."

Enoch ya nuna masa ƙasa da sandarsa. Nauyin taraktar ya tsaga gaɓar, tsagin ya zagaye ramin. Ko akuya ba za ta sake taka wurin ba, balle a kafa dutse.

Hester ta so ta zage shi tas, har ta buɗe baki. Sai ta ga ya cire hula yana murza ta, kunnuwansa sun yi ja, baƙin ciki da tausayi suka kama ta tare. Gonar Ulf ta ƙare. Sunan ba shi da sauran wurin tsayawa a duniya sai kan wannan baƙo mai laka a wando, wanda ya ce wata mai zuwa zai koma gida.

Ta matsa, ta ɗaga tsumagiya, ta tsula masa a kafaɗa.

"Ulsby," in ji ta. Ta ƙara ta biyu, ta ƙara ta uku, ba ta sassauta hannu ba.

Lionel bai motsa ba. Enoch ya gyara riƙon tasa, tsofaffin suka jera a bayansa.

"Tsaya da kyau, saura tara," in ji Hester. "Baɗi ma a nan za mu same ka. Kai babu mai ɗaga ka."